Mai Lamba Tara na Rumfar Wada

Shekarar da ruwa ya sake yi wa Gobir rowa, mutum ɗaya ne kaf Sabon Birni ba ya zagin rana, shi ne Wada mai gem. Ranar da ke ƙone wa jama'a gero ita ke cika masa batir, don faifan sola ya shimfiɗa a kan rumfarsa da ke bayan tasha. Samari kuwa sun yi shuka ta ƙone, sun sake ta sake ƙonewa, har iyayensu suka ɗaure bakin ragowar iri suka ce a jira ikon Allah. To, saurayin da ba noma ba kuɗin mota, ina za shi? Tun hantsi suna rumfar Wada, biyu na riƙe da hannun gem suna buga ƙwallo a talabijin, sauran na tsaye a kansu suna koya musu yadda ake yi.

A ƙofar rumfar nan Inna Kande ke sauke ƙwaryar furarta. Gajeruwar tsohuwa ce mai baki, irin wadda in ka wuce ba gaisuwa za ta kira ka da sunan kakanka. Fulani sun kora shanu kudu, nono ya zama sai wane da wane, saboda haka furar tata ruwa ya fi yawa, kuma ba ta ɓoyewa. "Sha da bisimilla," take cewa, "bana ruwan ma ba kowa ka samun shi ba."

Da can cikin tasha take zama, gindin dogon yaro, inda direbobi ke yi mata ciniki. Rana ɗaya ta kwashe kayanta ta dawo ƙofar Wada, wai nan ya fi inuwa. Inuwa fa! Wurin da ko akuya ba ta yarda ta kwanta da azahar. Amma wa zai ja da Kande? Aka bar ta da inuwarta.

Gaskiyar maganar tana cikin akwatin gem ɗin Wada. Tsohon akwati ne baƙi, ya sha duka ya sha zafi, sai an ɗora shi kan jiƙaƙƙen buhu yake yarda ya yi aiki. Amma a cikinsa mutum na iya ƙera ɗan wasa da kansa, ya raɗa masa suna. Shekarun baya Wada ya zauna ya ƙera ƙungiya guda ta abokansa, ya sa mata suna Gobir. Illo ɗan kabu-kabu ne gola, Wada na tsakiya, mai lamba tara kuwa Lawwali ne, babban amininsa, ɗan farin Kande. Shi Lawwali na gaskiya, tun farin bara da rumbu ya ƙi cika, ya bi sa'o'insa haƙar zinariya can gaba da Agadas, kuma har yau bai dawo ba.

Kande kuwa mutuniyar da ce, ba ta wasa da alkunyar ɗan fari. Tun da ta haifi yaron nan sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Uwar mijinta ce ta goya shi. Da ya girma, in ya shigo gida gaishe ta, cikin tukunya take kallo tana amsawa. In dole ta kama a yi maganarsa sai ta ce "mijin Zulaihatu". In ya bugo wa matar tasa waya, Kande sai ta tuna ba ta ba awaki dusa ba. In ya turo hoto, sai ta ce idonta ba ya ganin ƙananan abubuwa, ita da ke tsince tsakuwa daga gero ba ta kuskure ɗaya. Matan unguwa na yaba ta, suna cewa irin su Kande sun ƙare. Ita kuwa kewar ɗanta na cin ta kamar gara a cikin azara, ba wanda za ta gaya wa.

Amma wancan na cikin talabijin ai ba mutum ba ne. Kai gare shi kamar tulu, ba wuya, idanu ɗigo biyu, in yana gudu sai ka ce an ɗaura masa sanduna. Da Lawwali da shi ba abin da ya haɗa su sai sunan da ke bayan rigarsa, Kande kuma ba ta karanta boko. Wa zai ga laifin tsohuwa don ta kalli 'yar tsana? Saboda haka take kallonsa son ranta, daga hantsi har la'asar, kallon da ba ta taɓa yi wa mai sunan ba.

Kallon ma da sauƙi, ai har baki take sawa. In aka kwashe masa ƙafa sai ludayi ya tsaya cak.

"Kai Illo! Kashe shi za ka yi? Ina mai busa usur ɗin, ko ya makance?"

"Inna, da gangan ɗanki ya hwaɗi."

"Wane ɗa? Ni tausayin bawan Allah nika ji, ko na wa na. Mai lamba taran ga kullum shi kuka bi da shuri."

In kuwa ya ci ƙwallo, to wanda ke riƙe da hannun ya ci sa'a, don ranar furarsa har da gyara. Yaran gari ba wawaye ba ne. Kowa ya gane, kowa ya yi kamar bai gane ba, sai dai rububin ɗaukar Gobir ya ƙaru.

Ana nan, sai Illo ya kai fasinja garin Isa ya dawo da fitina a bakinsa. Ko babur bai gama kashewa ba ya fara.

"Jama'a, mu wasan yara muka yi nan! Na ga sabon gem Isa. Wallahi ciyawar hili ɗai-ɗai kaka ganin ta. Ɗan wasa in ya yi gudu zuhwa na zuba mai. Har ruwan sama aka yi ciki!"

"Ruwa?" in ji wani. "To a kawo shi gonarmu."

Aka yi dariya, amma maganar ta shiga. Kafin mako ya zagayo samari sun fara haɗa kuɗin mai, uku-uku a kan babur, suna tafiya Isa kallon ciyawa. A shekarar da babu ita a ƙasa, ga mutane na cin ƙura don su gan ta a gilashi! Rumfar Wada ta fara yin fili. Wada ya fara zama yana tagumi, yana harar tsohon akwatinsa. Can sai aka ji wai akwai dillali a Sakkwato da ke karɓar tsoho a yi ciko a ba da sabo, wai kuma Wada ya kai bijimin da yake kiwo kasuwa, tunda dai abin ba shi ci ya gagara.

Kande ta bari sai da rumfa ta yi shiru, sannan ta yi tambayar tana goge ludayi, kamar ba komai.

"Wada, su mutanen cikin akwatin ga hwa? Tare aka kwashe su a zuba ga sabon?"

"A'a, Inna. Na tsoho ba su shiga sabo. Nan za su mutu."

"Yi istigihwari, ɗan banza! Mutuwa kuma? Ana zaune ƙalau."

Wada ya yi dariya ya ce astagfirullah. Ita ba ta yi ba. Ranar ta koma gida da sauran fura, ta zuba wa awaki, Zulaihatu na kallonta.

To fa. Abin da ke gaban Kande ƙarami ne a faɗa: Wada, kar ka rabu da akwatin nan, a ciki nake ganin ɗana. Kalmomi nawa ne? Amma da ta faɗe su gara a ce ta yi rawa tsakar kasuwa. Sai ta ɗauki doguwar hanya. Tsohuwar da ba ta san inda ake kunna rediyo ba ta shiga neman ilmin gem kamar za a yi mata jarrabawa. Ta tsare mai cajin waya da tambaya. Ta tsare direbobin Isa. Ta ba Illo fura kyauta har ya fara jin tsoro, ya zayyana mata duk abin da ya gani da wanda bai gani ba. Ranar Lahadi ta sauke ƙwarya, ta gyara zama, ta kira Wada.

"Zo nan, mai kuɗi. An ce sabon naka ba ya motsi sai da sabis."

"Wani lokaci, Inna."

"Wane sabis? Wanga da sai an hau katanga an juya waya wajen Maraɗi? Kan katangar za ka ɗora yaran mutane su buga?"

"Ana sauke abin sau ɗaya, shi ke nan."

"An ce ƙarya na. An ce kullum shina neman ƙari awa jinjiri. An ce wutar da shika sha ta hi ta injin niƙa. An ce in zahi ya yi mai yawa sai ya yi hushi ya kashe kanshi. Nan garin, Wada! Inda ƙwai ka dahuwa cikin aljihu!"

"Akwai hwanka cikinai."

"Hwanka! Wanga tsoho in ya ƙi tashi mi kaka yi mai?"

"In buge shi."

"Ya tashi?"

"Shina tashi."

"To bugi sabon mu gani. Kuma ƙwallon dai ita ta, ko? Ko a sabon da ƙahwa ukku aka buga ta?"

Samari suka kwashe da dariya, har wani na tafa mata. Wada ya sosa ƙeya. Gaskiya ta faɗi gaskiya a wasu wuraren, shi ma ya sani. Amma ya nuna mata bencin da babu kowa a kai.

"Inna, dut na ji. Amma dubi nan. Yaran ga ba dalili suka bi ba, ido suka bi. In ban kawo ba wani za ya kawo, in koma ni da ke muna kallon juna."

Da ta ga ta nan ba ta ɓulle ba, sai ta dama fura mai kauri, irin wadda rabon da a ga kamarta tun kafin fari, ta nufi zauren Malam Malami, limamin unguwa. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, aka gaisa, aka jajanta rashin ruwa, sannan ta shigo da zancen.

"Allah gahwarta Malam, wai ya halatta a wagga shekara mutum ya sai da sa don ya sawo abin wasa? Ga Wada can za ya yi. Na ce bari in hwaɗa ma, ko ka ja mai kunne."

Malam ya ajiye allon da ke hannunsa, fuskarsa ta washe.

"Madalla, Kande! Allah shi yi miki albarka. Abin ga ya daɗe shina damuna. Muna hita roƙon ruwa sahu bai cika ba, samari na can suna ihu ga gilashi. Ran Juma'a za ni magana. A ruhe rumhwar baki ɗaya, da sabon da tsohon."

Kande ta zo gyara, ga shi za ta yi ɓarna.

"A'a, Malam, ai tsohon ba ya da laihi! Sabon dai."

Malam ya dube ta ta saman tabarau. "Ashe shaiɗan ma da tsoho da sabo?"

"Tsohon ya san mutane, Malam. Cikinmu ya girma. Kuma da an kira salla Wada na kashe shi, ni shaida ta. Yaran ga in ba su nan, ina za su? Gara ihu ga gilashi da wani wurin."

"To ke kin zo ƙara ko kin zo belin shi?"

Kande ta kama gyaran mayafi. Malam ya daɗe yana kallonta. Shi ne ya raɗa wa ɗan farinta suna, kuma labarin mai lamba tara ba wanda bai kai wa ba a unguwar. Ya jawo kwanon furar, ya kurɓa, ya ce ta yi daɗi, ya ce kuma zai duba lamarin. Ran Juma'a ya yi huɗuba a kan haƙuri da tausaya wa dabbobi, bai ambaci rumfar kowa ba.

Ranar tafiya ta zo. Da sassafe Kande ta iso, abin da ba ta saba ba, ta tarar da Wada yana naɗe tsohon akwatin a cikin zanen matarsa. Motar Sakkwato na lodi, ɗan kamasho na ta kira. Ba kowa a rumfar sai su biyu. Wada ya ɗaure ƙullin, ya tsuguna a gabanta, ya rage murya.

"Inna, tsakanina da ke. In akwai wani dalili ban da wuta da sabis, hwaɗa min. Wallahi in kin ce in bari, na bari."

Ga ƙofa a buɗe. Yaron nan tare suka yi rarrafe da nata, ba zai kai ta ko'ina ba. Amma shekara talatin da wani abu tana riƙe da bakinta, bakin ya saba, ya ƙi buɗuwa. Abin da ya fito daban.

"Ni mi ya dame ni? Kayanka na. Ka kai shi Makka ma in ka so."

Wada ya dube ta, ya yi ɗan murmushi irin na wanda ke ɓoye goro a kumatu, ya saɓi ƙullinsa ya tafi. Tana kallo aka tura ƙullin ƙarƙashin kujerar mota, kusa da buhun albasa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma ba ta da wanda za ta ba laifi sai kanta.

Washegari ta koma gindin dogon yaro a tasha. Direbobi suka yi murna, suka ce Inna ta gaji da inuwar Wada. Ciniki ya buɗe, kafin azahar ƙwarya ta koma wanke. Sai ta zauna da ƙwarya wankakka a gaba, ba abin kallo sai motoci da ƙura da sararin sama da ya ƙi haɗa ko gajimare. Ko faɗa ta daina. Wani yaron mota ya wuce bai gaishe ta ba, ta ƙyale shi, har ya dawo da kansa ya tambaya ko lafiya.

Ta ji labarin Wada ya dawo da sabon akwati fari sol, da talabijin mai faɗin ƙofa. Ta ji ihun samari daga bayan tasha, har na Gatawa da Kurawa sun fara zuwa. Ba ta leƙa ba. Me za ta gani? Turawa da ciyawa. A gida kuma Zulaihatu ta fara wani sabon salo, sai ta dube ta ta yi murmushi ta kau da kai. Kande ta ce mata in aljanu ne suka kama ta a kira mai ruƙiyya.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi sai ga Wada a tasha. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryar furarta da faifai da ludayi, ya ɗora a kansa, ya juya. Ƙaton namiji da gemu, ɗauke da ƙwarya tsakar tasha! Direbobi suka sa shewa.

"Kai Wada! Haukacewa ka yi? Aje min kayana!"

"In kina son su ki biyo su, Inna."

Haka ta bi shi tana zagi, daga shi har wanda ya sayar masa da gem, har suka iso. Rumfa cike, amma an bar hanya. An shimfiɗa mata sabuwar tabarma a ciki, gaba da kowa, daidai talabijin. Illo na gefe yana washe haƙora kamar shi aka yi wa aure. Kande ta zauna don ƙafafunta sun gaji, ba don ta huce ba.

Gaskiya abin ya yi kyau, a faɗi gaskiya. Fili kore shar, rabon da ta ga irin wannan kore har ta manta. Mutane cike da kujeru suna kaɗa tuta. Ga 'yan wasa sun fito sun jeru, hoto na bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Sai ga Illo, shi ɗin dai, da leɓensa da komai. Rumfa ta kaure da dariya, har Kande ta dara ba ta shirya ba.

"Kai! Har muninka anka kwaso?"

"Wani gwani na Sakkwato, Inna," in ji Wada, yana ta zumuɗi. "Hoto kawai aka ba shi, ya liƙa ma huska. Gobir ba ta mutu ba. Tsaya ki gani."

Aka wuce Wada, aka wuce wasu biyu. Sai hoto ya tsaya a kan mai lamba tara.

Lawwali ne. Ba 'yar tsana ba, ba mai kan tulu ba. Ga tsagar Gobir a kumatunsa, wadda wanzami ya yi masa tana ɗaki tana jin kukansa ba ta fito ba. Ga kunnen hagu da ya ɗan lanƙwashe irin na ubansa. Ga wani gemu da ba ta san shi da shi ba. Ya ƙifta ido, ya ja numfashi, ya dubo ta sosai, a gaban samarin gari kaf.

Ba ita ta juya kanta ba, kan ne ya juya da kansa. Kafin ta sani mayafi ya rufe mata rabin fuska, idonta na kan tabarma. Dariyar rumfar ta mutu. Illo mai bakin nan ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Duk 'ya'yan Gobir ne, kowa ya ga uwarsa ta yi wa wansa haka, ba wanda ke buƙatar bayani.

Kande ta miƙe a hankali, ta ɗauki ƙwaryarta, ta fita. Wada ya biyo ta waje.

"Inna, bai yi ba? Zulaihatu ta ba ni hoton, na bana na. Na ce sai ya hito sak."

"Ya yi, Wada."

"To mi na na?"

"Wancan na da ba ɗan kowa ba ne." Ta tsaya. "Wanga kuwa, da wane ido za ni kallo nai?"

Sai a lokacin Wada ya gane abin da ya aikata. Ya yi wahala, ya yi kwanaki a Sakkwato yana zaman jiran gwani, don ya faranta wa tsohuwar nan rai, ashe ƙofar da take leƙe ya toshe mata. Ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Tsohon hwa?" ta ce. "Shina nan wurin dillalin?"

"Tun ranar wani ya ɗauke shi. An ce Konni anka yi da shi."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta matso, ta yi ƙasa da murya kamar mai neman alfarma a asibiti.

"Wanga ɗin, ba a iya ɓata shi kaɗan? Ko hancin a karkata."

"An liƙe shi, Inna. Ni ban iya taɓa shi ba."

"To shi ke nan. Allah shi sa albarka ga kayanka. Ya yi kyau, kar ka ji komi."

Ta zagaya gefen rumfar, ta sauke ƙwarya a jikin zana, ta zauna ta ba talabijin baya. A ciki an daɗe ba motsi, sannan wani ya yi ƙarfin hali ya danna, usur ya tashi, hayaniya ta dawo kaɗan-kaɗan. Wada bai koma ba. Ya tsuguna nesa da ita kaɗan, yana zane a ƙasa da tsinke.

Kande ta buɗe faifai, ta sa ludayi tana dama furar da ba wanda ya ce a dama. Ƙiftawar ido ɗaya ta yi wa fuskar nan, amma ta ga abin da ta gani, kuma ya ƙi barin ta. Ta dama, ta dama, har hannun ya tsaya.

"Wada."

"Na'am, Inna."

Ba ta ɗago ba. Hawaye ya ɗiga a bakin ƙwaryar, ta sa yatsa ta share.

"Ya rame," ta ce. "Yaron ga ya rame ƙwarai."